TIYATA GA KARE DA KYANWA: ABIN DA KE KAWO WARKEWA DA ABIN DA KE HANA TA

Gabatarwa

A damunar bara maigadin makarantarmu ya lura karyarsa ta daina cin abinci. Sai shan ruwa take yi kamar wadda ta yini a rana, ta koma gindin darbejiya ta kwanta, cikinta kuma ya ɗan kumbura. Wasu suka ce ciki gare ta, wasu suka ce guba ta ci. Da malaminmu na kimiyyar noma ya duba, ya ga wani ruwa mai wari yana fita ta bayanta, sai ya ce wa maigadin, "Baba, wannan ba ciki ba ne. Ku yi haƙuri a kai ta Zariya gobe da sassafe." Aka sa ta a bayan a-kori-kura aka tafi. Likitan dabbobi ya yi mata fiɗa a ranar, ya cire mahaifa cike da mugunya. Bayan kwana 12 aka warware ɗinki, ga ta nan har yau tana hana mu barci da haushi.

A cikin watan nan kuma karyar wani manomi da ke maƙwabtaka da mu ta kamu da irin wannan ciwo. Aka yi mako biyu ana ba ta jiƙo da ƙwayoyin kemis. Ran da aka yanke shawarar kai ta asibiti, a kan hanya ta mutu.

Wannan shi ya sa mu, 'yan ajin kimiyyar noma, muka zaɓi mu yi nazari a kan tiyatar kare da kyanwa. Abin da muka koya shi ne, yawancin nasarar tiyata ana samun ta ne, ko a rasa ta, a gida: ranar da mai dabba ya yanke shawarar kai ta, da kuma irin jinyar da ya yi mata bayan an dawo.

Amfanin waɗannan dabbobi a wurinmu

A ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin gida da dare, shi ke raka manomi gonar rake ko ta tumatir a fadama, shi ke korar birai daga masara, mafarauta kuwa ba su fita daji sai da shi. Kyanwa ita ce mai tsaron rumbu. Duk wanda ɓera ya taɓa yi wa ɓarna a buhunan hatsi ya san darajarta. Amma duk da haka, in saniya ta yi ciwo da gudu ake neman malamin dabbobi, in kare ne sai a ce a bar shi ya lashe abinsa. Mutane da yawa ba su ma san ana yi wa kare da kyanwa tiyata ba, alhali asibitin da ake yi yana nan kusa da mu a Samaru.

Yadda tiyata ta zama abin dogara

Tiyata, ko fiɗa, ita ce a buɗe jiki da wuƙar likita domin a cire abin da ya lalace, ko a gyara abin da ya karye, sa'an nan a ɗinke. Abu biyu suka hana ta ci gaba a zamanin da, wato zafi da ruɓewar rauni. A shekarar 1846 a birnin Boston na Amurka aka nuna wa jama'a yadda za a sa mutum barci da tururin wani ruwa mai suna eta, a yi masa aiki bai ji ba. A 1867 wani likitan Ingila, Joseph Lister, ya bayyana yadda wanke rauni da kayan aiki da ruwan kabolik ke hana ƙwayoyin cuta shiga. A 1895 kuma aka gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Likitocin dabbobi sun ɗauki dukan waɗannan dabaru.

Makarantar likitan dabbobi ta farko a duniya an kafa ta a Liyon ta ƙasar Faransa a 1761. A nan ƙasarmu cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana aiki tun 1924. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a cikin shekarun 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, tana kuma da asibitin koyarwa inda ake duba manya da ƙananan dabbobi. Shekara 6 ɗalibi yake yi kafin ya zama likitan dabbobi.

Haɗarin maganin barci

Tambayar da mai dabba yakan fara yi ita ce, "In an sa ta barci za ta farka?" Wani babban bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2008 ya ba da amsa. A cikin karnuka masu ƙoshin lafiya da aka sa barci, kimanin 1 cikin 1,800 ne ya mutu saboda maganin. A cikin waɗanda ciwo ya riga ya kayar, 1 cikin 75 ne. Ga kyanwa, 1 cikin 900 in tana da lafiya, 1 cikin 70 in ta galabaita. Waɗannan alƙaluma na ƙasar da ke da kayan aiki masu yawa ne, amma darasin ɗaya ne a ko'ina: haɗarin yakan ninka fiye da sau goma in an bar dabba ta raunana kafin a kai ta.

A wurinmu akwai ƙarin matsala. Kaska da tsutsar ciki suna shanye jinin karnukanmu. Shi ya sa likita yakan ɗaga leɓen kare ya duba dasashi. In ja ne kamar na mai lafiya, to madalla. In ya yi fari, sai an auna jini, wani lokaci a yi magani ko ƙarin ruwa tukuna kafin a taɓa wuƙa. Yakan kuma auna zafin jiki, wanda ga kare da kyanwa masu lafiya yakan tsaya tsakanin digiri 38 da 39.

Cututtukan da aka fi yi wa tiyata

1. Mugunya a mahaifa. Wannan shi ne ciwon karyar maigadinmu. Yakan bayyana wata ɗaya zuwa biyu bayan lokacin barbara, galibi ga karyar da ta fara manyanta. Alamunsa su ne ƙin abinci, yawan shan ruwa da fitsari, kasala, amai, wani lokaci da ruwa mai wari daga farji. Wanda ruwan ba ya fita shi ya fi haɗari, domin mahaifar tana iya fashewa a ciki. Wani bincike a ƙasar Suwidin da aka buga a 2001 ya nuna kusan karya 1 cikin 4 da ba a cire wa mahaifa ba tana kamuwa da shi kafin ta cika shekara 10. Maganinsa shi ne a cire mahaifar da ma'ajiyar ƙwai gaba ɗaya. In an yi da wuri, fiye da 9 cikin 10 suna rayuwa. In mahaifa ta fashe ko ƙoda ta lalace, lissafin yakan sauya.

2. Doguwar naƙuda. Karya takan ɗauki ciki kwana 63, ko sama ko ƙasa da haka kaɗan, kyanwa ma kusan haka. In uwa ta yi rabin awa tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko koren ruwa ya zubo alhali ba a haifi ko ɗaya ba, ko sa'o'i sun wuce bayan ɗan farko ana kuma jin saura a ciki, lokacin tafiya ya yi. Likita yana iya fiɗa ya ciro 'ya'yan. Kowace awa da ta wuce tana rage yawan 'yan kwikwiyon da za a samu da rai. Muna gargaɗi a kan sayen allurar naƙuda a kemis a yi wa dabba a gida. In ɗa ya gitta a hanya, allurar tana matse mahaifa ne a kan ƙofar da ke rufe, har ta yage.

3. Ƙari a nono. A jikin karya kimanin rabin irin wannan ƙari ciwon daji ne, rabin kuwa ba ya yaɗuwa. A jikin kyanwa fiye da 8 cikin 10 ciwon daji ne. A nan girman ƙarin a ranar tiyata shi ne babban ma'auni. Kyanwar da aka cire wa ƙarin da bai kai santimita 2 ba, wato bai kai goro ba, takan yi shekara 3 ko fiye. Wadda nata ya wuce santimita 3 galibi watanni kaɗan take ƙarawa, domin ciwon ya riga ya kai huhu ko kaluluwa. Saboda haka mu riƙa shafa cikin dabbobinmu sau ɗaya a wata. Abin da muka ji kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin fata, ranar ya kamata a nuna wa likita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai tun dabba tana ƙarama yana rage wannan ciwo, yana kuma hana mugunyar mahaifa da yawan 'ya'yan da ba mai so.

4. Ƙarin al'aura mai yaɗuwa. Duk wanda ya saba da karnukan da ke yawo a kasuwa ya taɓa ganin mai ɗigar da jini daga al'aura, da wani jan nama mai gurji-gurji yana leƙowa. Wannan ciwo abin mamaki ne, domin ƙwayoyin halittar ƙarin da kansu ne ke tsallakawa daga kare zuwa karya a wurin barbara, suna kuma yin haka tun dubban shekaru. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya nuna yadda yake yaɗuwa a 1876. Mun sa shi a nan domin ya koya mana cewa wuƙa ba ita ce amsar kowane ƙari ba. In an yanke shi kawai, sau da yawa yakan dawo. Allurar jijiya mai suna binkiristin, sau ɗaya a mako na mako 4 zuwa 6, tana warkar da kusan 9 cikin 10. Likita ne kaɗai ya kamata ya yi ta, domin in ta zube a wajen jijiya tana cinye nama.

5. Toshewar hanji. Bayan girbi totuwar masara tana ko'ina, lokacin mangwaro kuma ƙwallonsa, ga ƙashi da leda. Kare yakan haɗiye su su maƙale. Kyanwa kuwa zare ne abokin gabarta. Alamar ita ce amai a kai a kai, ƙin abinci, rashin kashi, da ciwo in an taɓa ciki. In an kai dabba a kwana na farko ko na biyu, likita yakan tsaga hanji ya ciro abin ya ɗinke, yawanci kuma su warke. In an daɗe, hanjin yakan mutu ya yi baƙi, sai an yanke wani sashe an haɗa sauran, kuma ɗinkin yana iya yoyo, musamman tsakanin kwana na 3 da na 5. In mun ga zare yana leƙowa daga bakin kyanwa ko duburarta, kada mu ja, domin yana iya yanka hanji kamar zarto.

6. Karaya. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano da ta ratsa ta Tashar Yari, da baburan da ke shiga lungu-lungu, suna karya dabbobi da yawa. Likita ba ya fara da ƙafa. Yakan duba ƙirji da mafitsara da jini tukuna, domin raunin ciki ne ke kisa da sauri. Bayan hoton ƙashi sai ya zaɓi hanya. Wasu karayar ƙasa da gwiwa ɗauri ya ishe su. Ƙashin cinya ba ya ɗauruwa daga waje, sai an sa ƙarfe a cikin ɓargo ko an ɗaure shi da faranti da kusoshi. Ƙashin kwikwiyo yakan haɗe cikin mako 4 zuwa 6, na babban kare mako 8 zuwa 12. Kuskuren da ake yawan yi a gida shi ne ɗori da kara da igiya a matse ƙwarai. Jini ya daina kai wa, yatsu su kumbura su yi sanyi, ƙafa ta ruɓe. In ta kai ga haka sai yankewa. Mu sani kuwa kare da kyanwa suna sabawa da ƙafa uku cikin 'yan makonni, su ci gaba da aikinsu. Karayar gadon baya ita ce mai wuyar sha'ani. In dabba ba ta jin komai ko an matse yatsun ƙafafunta na baya, da wuya ta sake tafiya.

7. Raunin farauta da na faɗa. Sabon rauni mai tsabta, wanda bai wuce kamar awa 6 ba, ana iya wanke shi a ɗinke. Wanda ya kwana, ko na cizo, galibi ana wanke shi ne, a yanke mataccen nama, a bar shi a buɗe ya warke daga ciki, domin ɗinke datti a ciki mugunya yake haifarwa. Kafin a isa asibiti a wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a rufe da tsumma mai tsabta saboda ƙuda. Baƙin mai da toka da ruwan batir da wasu ke zubawa suna ƙone naman da zai warke.

8. Toshewar fitsarin muzuru. In muzuru yana ta tsugunawa yana kuka fitsari ba ya fita, hanyar ta toshe. Wannan yakan kashe cikin kwana 2 zuwa 3. In an kai shi a ranar, likita ya sa shi barci ya zura siririn bututu ya buɗe hanyar, yawancinsu suna tashi.

Aikinmu kafin tiyata da bayanta

Dabbar da ke jin zafi tana cizon ko mai ita. A ɗaure bakin kare da tsumma mai laushi kafin a ɗauke shi, sai dai in yana amai ko numfashi na yi masa wuya. Kyanwa a naɗe ta da zane a sa a kwando mai murfi. In tiyatar ta alkawari ce, likita zai ce a hana abinci tun daren jiya, domin kada dabba ta yi amai cikin barci ya shiga huhu. A faɗa masa gaskiya game da ranar da ciwo ya fara da duk maganin da aka bayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan an dawo gida, ga abin da muka koya:

(a) A ajiye dabba a ɗaki mai tsabta da inuwa, a kan buhu ko tsohuwar tabarma. Da hunturu a lulluɓe ta, domin maganin barci yana saukar da zafin jiki.

(b) A hana ta lasar ɗinki. Maganar da ake yi cewa yawun kare magani ne ta jawo warwarewar ɗinki da yawa. Ana iya yanka kwali mai kauri, ko a fasa gindin tsohon bokitin roba, a sa mata a wuya kamar mazurari.

(c) A duba rauni safe da yamma. Kumburi mai ƙaruwa, wari, mugunya, ko ɗinkin da ya buɗe, dalili ne na komawa a ranar.

(d) A ba da magani har ya ƙare, ko da dabba ta warware.

(e) Kada a ba da maganin mutane. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol, wato Panadol, tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen suna huda cikin kare su ɓata masa ƙoda.

(f) A koma a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Mai karaya kuwa a tsare shi a ɗaki har likita ya ce ƙashi ya haɗe. Karen da aka saki ya bi zomo a mako na biyu yakan lanƙwasa ƙarfen da aka sa masa.

Ciwon da tiyata ba ta isa gare shi ba

Duk wanda zai taɓa kare mai rauni dole ya tuna da ciwon haukan kare. Da zarar alamunsa sun bayyana, ga dabba ko ga mutum, kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato tsararmu da ƙannenmu. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar rigakafinsa. In kare ya ciji mutum, ko kyanwa ta yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a kuma tsare dabbar kwana 10 ana lura da ita in hakan zai yiwu ba tare da haɗari ba. Karen da ya zo da raunin cizon wani baƙon kare, a faɗa wa likita haka tun a ƙofa. Allurar rigakafi ana fara ta ne daga wata 3, a maimaita kowace shekara. Masana sun nuna in an yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari, ciwon yakan daina yawo.

Maganar kuɗi da tafiya

Mun san abin da ke hana iyayenmu tafiya: kuɗin mota, kuɗin aiki, da direban da zai ƙi ɗaukar kare. Daga Hunkuyi Samaru ba nisa, daga Makarfi da Ikara akwai ɗan ja, amma duk tafiyar safiya ɗaya ce. Matakin farko shi ne a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya duba, ya faɗi ko abin na gida ne ko na asibiti. A tambayi likita kuɗin aikin da kuma yadda yake ganin ƙarshensa tun kafin a fara. Ƙaramin ƙari aikin minti kaɗan ne da zare kaɗan. Babba yana cin magani da kwanaki da zirga-zirga, sau da yawa kuma a yi asarar kuɗin da dabbar gaba ɗaya. In likita ya ce ciwo ya wuce gyara, ya fi kyau a yarda ya yi mata allurar da za ta hutar da ita, da a bar ta tana ruɓewa a bayan gida.

Mu ɗalibai muna iya taimakawa a hutun nan. Kowannenmu ya duba karen gidansu da kyanwar gidansu, ya ɗaga leɓe ya ga launin dasashi, ya shafa ciki, ya tambayi ranar da aka yi allurar rigakafi ta ƙarshe. In mun dawo za mu tattara abin da muka gani a aji.

Tambayoyin bita

1. Faɗi abubuwa biyu da suka hana tiyata ci gaba kafin 1846, da yadda aka shawo kansu.

2. Don me haɗarin maganin barci ya fi yawa ga dabbar da aka makara kai ta?

3. Wane ƙari ne allura ta fi wuƙa amfani a kansa?

4. Kawo alamu uku na mugunya a mahaifa.

5. Ƙanenka ya dawo daga makaranta kare ya cije shi a ƙafa. Me za ka yi a cikin awa ta farko?